Kama da wane ba wane ba ne: sharhi kan kalmomin ƙyama na Ingilishi da fassararsu a Turkanci

Gabatarwa

A cikin babban hutun da ya wuce, wani tsohon ɗalibina da ya samu gurbin karatu a wata jami'a ta birnin Ankara ya aiko mini da hoton wani shafi na ƙamus, tare da gajeriyar tambaya. Jami'ar da Ingilishi take koyarwa, amma kasuwa da mota da gidan kwana duk da Turkanci ake yi, saboda haka yaron kullum yana tsakanin harsuna biyu waɗanda babu na gidansu a ciki. Ya ja layi ƙarƙashin kalmomin Ingilishi guda biyar: « disgust », « revulsion », « repugnance », « loathing » da « abhorrence ». Gaban kowace ɗaya an jera kalmomin Turkanci uku, su ne dai ba su sauya ba, sai dai a gabatar da wannan a jinkirta waccan: « iğrenme », « tiksinti », « nefret ». Sai ya ce: « Mushe, in duk abu ɗaya suke nufi, me ya sa Ingilishi ya tara har biyar? In kuwa ba ɗaya ba ne, wace zan ɗauka? »

Tambayar ta dame ni, domin na gane laifina a cikinta. Shekara da shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa « dégoût » ƙyama ne, « répugnance » ƙyama ne, « aversion » ma ƙyama ne, in goge allo in wuce. Wannan ya sa na zauna na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya a ƙamusoshi da littattafan nahawu da na adabi. Abin da nake son in nuna wa ƴan'uwa malamai a wannan sharhi shi ne, irin wannan jeri na ƙamus yana isa ga mai son ya fahimci jarida sama-sama, amma yana ɓatar da mai fassara da mai nazarin adabi, kuma ɓatan ya fi muni a wuri guda: inda ƙyamar abu take rikiɗa ta zama tsanar mutum.

Kalmomin Ingilishi da asalinsu

Kalmar « disgust », wadda a yau ita ce uwa ga sauran, baƙuwa ce a Ingilishi. Daga Faransanci aka aro ta wajajen shekara ta 1600, daga tsohon rubutun « desgoust », wanda shi kuma ya samo asali daga kalmar Latin « gustus », wato ɗanɗano. Ma'anarta ta farko ke nan: abin da baki ya ƙi. Manazarta sun lura cewa Shakespeare bai yi amfani da ita ba a wasanninsa, duk da yawan ƙazanta da ruɓa da ke cikinsu. Da « loathe » da « abhor » yake biyan bukatarsa. Ita « loathe » ƴar gida ce, daga tsohon Ingilishi, kuma saiwarta ɗaya da kalmar Faransanci « laid », wato mummuna. A yau ta fi karkata wajen tsana mai zurfi wadda ta daɗe a rai. « Abhor » kuwa daga Latin « horrere » ta fito, aikatau da ke nuna miƙewar gashin jiki, abin da Bahaushe ke cewa tsikar jikinsa ta tashi. Amma da tafiya ta yi tafiya sai ta zama kalmar masu wa'azi da masu shari'a, ana amfani da ita ga zalunci da ƙarya fiye da ruɓaɓɓen nama.

« Repugnance » tana ɗauke da faɗa a cikinta, domin tushenta « pugnare » ne, wato yin dambe, daga « pugnus », dunƙulallen hannu. Abu ne da hankali ko ɗabi'a ke turjewa a gabansa. « Revulsion » ta fi su ban mamaki. A ƙarni na 16 kalmar likitoci ce, tana nufin janye jini ko ciwo daga wani sashe na jiki zuwa wani, irin aikin da wanzami ke yi da ƙaho. Sai a ƙarni na 19 ta koma nufin zabura da ja da baya farat ɗaya saboda ƙyama. Malamin Faransanci ya kamata ya kiyaye nan, domin « révulsion » ta Faransanci ta daɗe tana riƙe da ma'anarta ta asibiti, ba koyaushe take zama daidai da ta Ingilishi ba.

Akwai kuma « nausea », daga kalmar Girkanci « naus », jirgin ruwa: asalinta tashin zuciyar da ke kama matafiyi a teku. Akwai « abomination », wadda fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ta yi amfani da ita ga abubuwan da aka haramta a littafin Firistoci. Asalinta « omen » ne, wato alamar mugun abu da ake neman tsari daga gare ta, amma an daɗe ana rubuta ta da harafin h a tsakiya, bisa kuskuren zaton cewa daga « ab homine » ta fito, wato abin da ya fita daga ɗan Adam. Kuskure ne na nahawu, sai dai yana nuna inda zukatan masu magana suke ja. A ƙasan tsani kuma akwai kalmomin titi da na yara, irin su « gross » da « yuck ».

In aka tattara, za a ga kalmomin ba a layi ɗaya suke ba. Wata ta baki ce, wata ta ciki, wata ta fata, wata ta hankali. Wata ta ɗan lokaci ce kamar walƙiya, wata kuma ta shekaru.

Kalmomin Turkanci da tarihinsu

Turkanci yana da aikatau biyu na asali a wannan fage: « iğrenmek » da « tiksinmek ». Daga na farko aka samu sifa « iğrenç », wadda ita ce matasa ke furtawa in sun ga abin ƙazanta. Daga na biyu aka samu suna « tiksinti » da sifa « tiksindirici ». Na farkon tsoho ne ƙwarai. Mahmud al-Kashgari ya kawo shi da siffar « yigren- » a ƙamusunsa na harsunan Turkawa, Diwan Lugat at-Turk, wanda ya rubuta da Larabci tsakanin 1072 da 1074, kuma misalin da ya bayar na mutum ne da ya ga nama ɗanye ne ya ƙi ci. Masana asalin kalmomi suna danganta shi da tsohuwar kalma « yig », wato ɗanye. Ashe shi ma, kamar « disgust », daga bakin tukunya ya taso.

Ƙamusoshin Turkanci kansu sukan fassara ɗaya da ɗaya: ka nemi « iğrenmek » a tura ka « tiksinmek », ka je can a maido ka. Kusancinsu ya fi na kowace biyu daga cikin kalmomin Ingilishi biyar ɗin nan, kuma wannan ne tushen matsalar mai ƙamus: yana da ramuka biyar, turaku biyu.

Sai ya cike da ta uku, « nefret ». Wannan daga Larabci take, daga saiwar nun, fa, ra, wadda ke nuna firgita da gudu irin na dabbar da ta tsorata. A Turkancin yau kuwa ma'anarta tsana ce tsantsa, ita ce kishiyar ƙauna. Da ita ake cewa « nefret suçu », laifin da tsana ta haddasa, da « nefret söylemi », kalaman ƙiyayya. Ta dace da « loathing » da « abhorrence » a wurare da yawa. Amma a ajiye ta gaban « disgust » da « revulsion » ba tare da bayani ba, wannan ganganci ne. Wanda ya buɗe kwano ya tarar da tsutsa bai tsani kowa ba.

A da Turkanci yana da wasu turakun. Zamanin daular Usmaniyya ana amfani da « ikrah », « istikrah », « kerih » da « menfur », dukansu na Larabci. Su ne James Redhouse ya tarar lokacin da ya wallafa ƙamusunsa na Ingilishi zuwa Turkanci a 1861, da babban ƙamusunsa na Turkanci zuwa Ingilishi a 1890. Sai aka yi dokar 1 ga Nuwamba 1928 wadda ta sauya rubutun ajami da baƙaƙen Latin, aka kuma kafa ƙungiyar nazarin harshe a watan Yuli na 1932, wadda ta zama Türk Dil Kurumu, aka shiga tsince kalmomin Larabci da na Farisanci ana maye gurbinsu da na gida. Geoffrey Lewis, a littafinsa na 1999 kan wannan gyaran harshe, ya nuna cewa aikin ya ci nasara amma an yi asarar bambance-bambance masu yawa, inda kalmomi da dama suka koma hannun guda ɗaya. « İstikrah » da « kerih » sun zama na tsofaffin littattafai, « nefret » kuwa ta tsira ta ƙara ƙiba.

Akwai waɗanda suka tsira a masallaci, kuma Bahaushe zai gane su ba tare da tafinta ba. « Mekruh » ita ce makaruhi ɗinmu, « necaset » ita ce najasa. Da yake mafi yawan Turkawa mazhabar Hanafiyya suke bi, suna raba makaruhi gida biyu, wanda ya kusanci haram da wanda ya kusanci halal. Abin lura a nan shi ne saiwar Larabci da ta ba da « mekruh » ita ce ta ba da « ikrah », wadda a fikihu take nufin tilastawa, a bakin Baturke kuma ta ƙara ma'anar ƙyama. Kalma ɗaya, ta je wata ƙasa ta yi sabon aure.

Zuciya, ciki da gurɓataccen ruwa

Inda Turkanci ya fi arziki, can ne ƙamus ya fi yin shiru, wato a karin magana da maganganun yau da kullum. Baturke yana cewa « midem bulandı ». « Mide » shi ne tumbi, aro daga Larabci. « Bulanmak » kuwa shi ne abin da ke samun ruwan tafki in shanu suka shiga: ya gurɓace, laka ta taso. Da wannan aikatau ake cewa ruwa ya gurɓace, sararin sama ya yi duhu, tunani ya rikice. Suna da karin magana cewa ƙuda ƙarami ne amma yana gurɓata ciki, wato ƙaramin abu yana iya jefa shakka cikin babban al'amari. Ke nan « mide bulandırmak » tana nufin tayar da zuciya, tana kuma nufin sa mutum ya fara zargi. 

A nan Hausa da Faransanci suka zama ƴan ɗaki ɗaya. Mu zuciya ce ke tashi. Bafaranshe ma yana cewa « mal au cœur », « haut-le-cœur », « écœurer ». Ba'ingile da Baturke kuwa ciki suke ambata. Har ila yau, « dégoût » ta Faransanci tana kaiwa har ga gajiya da duniya, kamar in aka ce mutum ya zama « dégoûté de la vie ». Baturke a nan « bıkmak » ko « usanmak » zai ce, wato gundura da ƙosawa, Ba'ingile kuma « sick of » ko « weary ». Ɗalibinmu da ya bi ta Faransanci zuwa Ingilishi zuwa Turkanci yana iya tashi da niyyar cewa karatu ya gundure shi, ya ƙare da cewa yana ƙyamar malaminsa.

Sai dai ya kamata in ja kunnen kaina da na mai karatu. Bin saiwar kalma yana da daɗi, yana kuma da tarko. Aikatau « iğrenmek », « tiksinmek » da « nefret etmek » duk suna bukatar ɗafa-ƙeyar « -den » ko « -dan », mai ma'anar « daga ». « Senden iğreniyorum », kalma da kalma, tana cewa daga gare ka nake jin ƙyama. Da na ga haka sai na yi murna, na ce ga nahawu ya zana ja da baya. Ashe « hoşlanmak », wato jin daɗin mutum ko sonsa, ita ma da wannan ɗafa-ƙeya take tafiya. Hujjar ta rushe. Asalin kalma yana ba da labarin inda ta fito, amma ma'anarta ta yau tana bakin masu magana.

Gwaji na farko: sunan littafin Sartre

Bari mu gwada waɗannan kalmomi a kan littafin da malaman Faransanci suka sani. Jean-Paul Sartre ya wallafa La Nausée a 1938. Sunan da ya fara ba shi « Melancholia » ne, mawallafinsa Gaston Gallimard ya ba da shawarar wanda muka sani. Lloyd Alexander ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1949, Robert Baldick ya sake fassara shi a 1965, kuma da Nausea aka san shi. A Turkanci Selâhattin Hilav ya fassara shi da sunan Bulantı.

Mai karatu zai tuna abin da ke damun Antoine Roquentin a garin Bouville. Ya ɗauki tsakuwa a bakin teku ya kasa riƙe ta. Daga baya ya zauna a lambun gari yana kallon saiwar wata bishiya har sunayen abubuwa suka zame daga kansu, ya rage sai wanzuwa tsirara, mai yauƙi, marar dalili. Ba ya tsanar bishiyar, ba kuma najasa ce ta taɓa shi ba. Iyakokin abubuwa ne suka narke. Da mai fassara ya bi jerin ƙamus ya ce « Tiksinti » ko « İğrenme », da ya mai da littafin labarin mutum mai ƙyanƙyami. Da ya ce « Nefret », da ya kashe shi baki ɗaya.

A ganina Bulantı ta fi Nausea dacewa, har ma ta yi wa asalin Faransancin ƙari. « Nausea » kalmar asibiti ce a kunnen Ba'ingile, kuma jirgin ruwan da ke cikinta ya daɗe da nitsewa, ba mai jin sa sai masani. « Bulantı » kuwa har yanzu kowane Baturke yana jin « bulanık » a cikinta, wato gurɓatacce, abin da ba a gani garau. Ga tashin zuciya, ga dishi-dishin gani, ga rikicewar tunani, duk a kalma ɗaya, kuma wannan shi ne ainihin ciwon Roquentin. Daɗin daɗawa, sunan garin kansa yana ɗauke da « boue », wato laka. Marubutan Turkiyya na shekarun 1950 da suka sha daga wannan rijiya sun yi amfani da wata kalma mai kama da ita, « bunaltı », daga « bunalmak », wato ƙuncin rai da shaƙewa. Demir Özlü ya sa wa tarin gajerun labaransa na 1958 wannan suna. Musanya harufa biyu ne kawai ya raba su, amma ɗaya ta ciki ce, ɗaya ta ƙirji.

Darasin shi ne, fassarar da ta fi kyau ba ta cikin kalmomi ukun da ƙamus ya jera. Mai fassara ya same ta ne domin ya karanta littafin.

Gwaji na biyu: masana halayyar ɗan Adam

Wani zai ce ai ƙyama ɗaya ce a duk duniya, kalmomi ne kawai suka bambanta. Akwai gaskiya a ciki. Charles Darwin, a littafinsa na 1872 kan yadda mutum da dabbobi ke bayyana abin da suke ji, ya danganta ta da ɗanɗano, ya kuma siffanta yamutsa hanci da ɗaga leɓe. Paul Ekman da Wallace Friesen sun nuna wa mutanen Fore na Papuwa Niugini hotunan fuskoki, suka wallafa sakamakon a 1971, suka sa ƙyama cikin abubuwan da fuskar ɗan Adam ke nunawa iri ɗaya ko'ina. Paul Rozin da abokan aikinsa sun nuna a 1986 cewa mutane suna ƙin shan abin sha da aka tsoma kyankyaso a ciki ko da an tabbatar musu an kashe duk ƙwayoyin cuta da ke jikinsa.

To amma Anna Wierzbicka ta daɗe tana jan hankali cewa masu binciken suna ɗaukar kalmar harshensu su mai da ita ma'aunin duniya, alhali harshenta na Polan ba shi da kalmar da ta yi daidai da « disgust » ciki da bai. Robin Nabi kuma ta nuna a 2002 cewa in aka ce wa ɗaliban Amurka su tuna lokacin da suka ji « disgust », da yawa labarin fushi suke bayarwa, wato an ci amanarsu ko an yi musu rashin adalci; kalmar titi « grossed out » ce ta fi kusa da abin da masana ke nufi. Ashe ko a gidanta kalmar tana da fuska biyu. In ɗan siyasar Ingila ya ce ya yi « disgusted » da wani hukunci, Bahaushe tir da Allah wadai zai ce, Baturke kuma yana iya komawa ga « kınamak », wato la'anta da zargi. Ba wanda zuciyarsa ta tashi.

Darwin ya ba da wani labari da ya cancanci a tsaya a kansa. A tsibirin Tierra del Fuego wani ɗan ƙasar ya taɓa naman gwangwani mai sanyi da Darwin ke ci, ya nuna ƙyama saboda laushinsa. Shi kuma Darwin ya ji ƙyamar cewa mutumin ya taɓa abincinsa, ya kuma amsa da kansa cewa hannun ba shi da alamar datti. Ɗaya nama yake ƙyama, ɗaya mutum. Da kalma ɗaya aka rubuta su biyun.

Gwaji na uku: Yaban

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi nauyi. A 1932 Yakup Kadri Karaosmanoğlu ya wallafa ƙagaggen labarinsa Yaban, wato baƙo ko bare. Ahmet Celal hafsan soja ne ɗan Istambul, ya rasa hannu guda a yaƙin duniya na farko, ya bi tsohon yaronsa Mehmet Ali zuwa wani ƙauye na Anatoliya kusa da kogin Porsuk, a lokacin yaƙin ƴancin Turkiyya. Ya zo da niyyar ƙaunar talakawa, sai ya tarar da datti da cuta da jahilci, su kuma suka ɗauke shi bare. Littafin ya jawo gardama: wasu suka ce ya ci mutuncin ƙauyawa, wasu suka ce ɗan boko ne ya tona asirin kansa, tun da mai ba da labarin yana ɗora laifin a kan masu ilimin da suka yi watsi da ƙauye ƙarni bayan ƙarni.

Wanda zai fassara wannan littafi zuwa Ingilishi ko Hausa, hukuncinsa a kan wannan gardama yana rataye ne ga kalmomin da muke tattaunawa. In ya mai da kowace ƙyama « loathing » ko tsana, Ahmet Celal ya zama maƙiyin mutanensa. In ya mai da ita « revulsion » ko tashin zuciya, ya zama mutumin da jikinsa ke ja da baya alhali ransa na son ya matso, kuma yana jin kunyar hakan. Karatu na biyu ne ya fi bin gaskiyar littafin, kuma shi ne ya fi ciwo. George Orwell ya faɗi makamancin wannan a kan Ingila a littafinsa The Road to Wigan Pier na 1937, inda ya bayyana cewa an rene su tun suna yara a kan cewa talakawa suna wari, kuma wannan ya fi kowace hujja ta siyasa raba mutane. Martha Nussbaum ta gina littafinta na 2004, Hiding from Humanity, a kan cewa bai kamata ƙyama ta zama hujjar doka ba, domin tarihi ya nuna a kan marasa ƙarfi ake sauke ta.

Duk wanda ya taɓa samun aiki a makarantar ƙauye bayan ya saba da birni ya san Ahmet Celal, ko bai karanta shi ba.

Kammalawa

Hausa ba ta da talauci a wannan fage. Muna da ƙyanƙyami, wanda na jiki ne, na mai tsantseni da kwano da ruwan sha. Muna da tashin zuciya. Muna da ƙyama, wadda ta taso daga ƙazanta ta miƙe har ga mutane, shi ya sa muke cewa ƙyamar baƙi. Muna da tsana da ƙiyayya, muna da tsangwama, muna da tir. Tun daga ƙamusun Bargery na 1934 zuwa Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini an yi aikin tattara kalmominmu; abin da ya rage namu ne a cikin aji. Mun san mutanen da aka nisanta saboda kuturta, ko yoyon fitsari, ko ciwon sida, ko sana'ar da suka gada. Yaron da aka koya masa cewa ƙyanƙyami da tsana abu ɗaya ne, an ba shi izini ya tsani duk wanda jikinsa ya ƙi. Wanda kuwa ya san bambancin yana iya cewa: zuciyata ta tashi, amma wannan ɗan'uwana ne. Kakanninmu sun riga mu, da suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Shawarata ga malamai da ƙungiyoyin raya harshe guda biyu ce. Ta farko, kada mu ba yaro kalma sai da jimla, kuma jimlar ta nuna wa ke ji, me yake ji a kansa, abu ne ko mutum ko aiki, na yanzu ne ko na dindindin. Ta biyu, in za mu rubuta ƙananan ƙamusoshi na makaranta, mu ware wa kowace ma'ana layinta, ko da shafuka za su ƙaru.

Amsar da na aika wa ɗalibina ita ce: in abinci ne ko wari, « iğrenç » ta ishe ka, ko ka ce cikinka ya gurɓace, in mugun aiki ne ka gani ka zabura, « tiksinti », « nefret » kuwa ka ajiye ta, kada ka furta ta a kan mutum sai ka tabbata abin da kake nufi ke nan. Ya rubuto ya ce abokin ɗakinsa Baturke ya amince da biyun farko, ya kuma yi gardama a kan ta uku, wai matasa suna cewa « nefret » ko a kan ranar Litinin. Na karɓi gyaran, na kuma rubuta shi a gefen littafina don darasin baɗi.